A Kai Masa Ko A Raba Musu? Laifin Harshen Kwamfuta Mai Yi wa Mutum Zato

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan hidimar ɗaurin aure a ƙasarmu ya san wannan ɗan tarko. Ka ɗauki ƙullin goro ka miƙa wa yaro, ka ce, "Kai ƙofar gidan liman." Yaro ya isa ya tarar da mutum bakwai zaune a kan tabarma. Shin ƙullin na liman ne shi kaɗai, ko kuwa kwancewa zai yi ya bi kowa da nasa? Yaro mai hankali dawowa yake yi ya tambaya. Yaro mai rawar kai shi yake yanke wa kansa hukunci, kuma sau da yawa yakan dace, shi ya sa ba a gane haɗarinsa sai ranar da ya kuskure.

Wannan tambaya ta ƙulli da abin da ke cikinsa tana nan daram a cikin harsunan da ake shirya manhajar kwamfuta da su, kuma wasu daga cikin manyan harsunan nan sun zaɓi halin yaro mai rawar kai. Ina ganin sun yi kuskure, kuskuren kuma ba na ado ba ne, domin na ga ya taɓa mutuncin wani dattijo a garinmu.

Bari in share fage ga wanda ba sana'arsa ba ce. A shirin kwamfuta akwai abin da ake kira fankshin, wato ɗan aike: ka miƙa masa abu, ya yi wani aiki da shi, ya dawo maka da sakamako. Yawancinsu an ƙayyade musu adadin abin da za su karɓa, biyu ko uku, ba ƙari ba ragi. Amma akwai wani iri mai karɓar ko nawa: ka ba shi lamba biyu ya tara, ka ba shi ashirin ya tara. A ɗaya gefen kuma akwai jeri, wato abubuwa da yawa a ɗaure wuri guda ƙarƙashin suna ɗaya, ƙullin goronmu ke nan. Rigimar tana tashi ne ranar da ka miƙa jeri ga fankshin mai karɓar ko nawa. Abu ɗaya ka ba shi, ko abubuwa da yawa?

A wata damina da ta wuce, wani ɗan ƙanwata da ya yi karatun kwamfuta ya shirya wa wata ƙungiyar manoma a wajenmu, Kurya Madaro, 'yar manhajar waya ta rubuta rasit. Taki ya yi tsadar da ba kowa ke iya ɗaukar buhu shi kaɗai ba, don haka mutum uku ko huɗu sukan haɗa kuɗi su biya buhu guda, a ba su rasit ɗaya mai ɗauke da sunayensu duka. Da harshen Java ya rubuta ta. Layin sunaye ga shi: `String.format("An karɓa daga: %s", sunaye)`. Layin kuɗi kuma tagwayensa ne, sai dai jerin lambobi aka miƙa a maimakon jerin sunaye.

Da ya gwada, layin kuɗi ya fito da wani tarkace mai farawa da `[I@` sai haruffa da lambobi marasa ma'ana. Nan take ya ga ɓarnar ya gyara. Layin sunaye kuwa ya fito tsaf, domin da sunansa shi kaɗai ya gwada. Abin da bai sani ba shi ne Java ta ɗauki jerin kuɗin a matsayin ƙulli guda, ta buga lambar shaidar ƙullin, amma jerin sunayen sai ta kwance shi, ta sa suna na farko a gurbin `%s`, ta zubar da sauran ba tare da ta ce uffan ba. Makonni bayan haka taki ya iso, mai tsaron sito ya bi abin da ke rubuce, ya riƙa miƙa buhu ga sunan da ke kan takarda. Waɗanda suka biya ba su ga sunansu ba suka tasa ma'ajin ƙungiya a gaba, dattijon da ya shekara yana riƙe wa mutane kuɗi ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Kwana biyu ana kallonsa da wani ido kafin yaron ya zo mini da kwamfutarsa, fuska a yamutse, ya ce, "Kawu, wallahi sunayen suna ciki, ga su nan, takarda ce ta ƙi fitar da su."

Yaron yana da nasa laifin, ban wanke shi ba: wanda zai gwada rasit na haɗaka da suna ɗaya bai gwada komai ba. Amma a dubi abin da harshen ya yi. Layi biyu masu kama ɗaya, harafi da harafi, ɗaya an kai ƙulli, ɗaya an kwance an raba. Babu wata alama a rubutun da za ta nuna wa mai karantawa bambancin. Sai ya koma can sama inda aka ayyana nau'in kowane jeri, sannan ya tuna wata ƙa'ida da ba ta bayyana a ido.

Ga ƙa'idar. Java ta samu fankshin mai karɓar ko nawa ne a siga ta 5, wadda kamfanin Sun ya fitar a 2004. A ƙarƙashin ƙasa, duk abin da ka jera mata tattarawa take yi ta mayar jeri. Don haka idan ka miƙa mata abin da ya riga ya zama jeri mai dacewa, sai ta ce ai ka hutar da ni, ta ɗauke shi a matsayin abubuwan da kansu. Kwamfaila, wato manhajar da ke juya rubutun mai shiri zuwa abin da na'ura ke ganewa, tana fara duba ko kiran zai yiwu ba tare da tattarawa ba. Sai in bai yiwu ba take tattarawa. Jerin sunaye ya dace da jerin abubuwa, sai aka wuce da shi a kwance. Jerin lambobi tsurarsu, irin waɗanda Java ke kira `int`, bai dace ba, sai aka naɗe shi a matsayin abu ɗaya. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A Java, "riƙe mini kayan nan" ma yana iya zama sauke mu raba, ya danganta da irin buhun.

Masu kare wannan tsari suna da hujjoji, kuma ba mutanen banza ba ne, don haka a saurare su. Ta farko ita ce tarihi. Kafin 2004 akwai ɗimbin shirye-shirye da ke miƙa jeri ga fankshin irin su `MessageFormat.format` da `Method.invoke`. Da aka mayar da waɗannan masu karɓar ko nawa, dole tsofaffin shirye-shiryen su ci gaba da aiki. Wannan gaskiya ne. Amma wa ya ce dole a taɓa tsofaffin? Da an bar su yadda suke, an ƙirƙiri sababbi da wata alama ta daban, babu wanda zai yi asara. An zaɓi a sauƙaƙa wa mutanen shekarar 2004, aka ɗora kuɗin a kan duk wanda zai koyi harshen bayansu. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne `Arrays.asList`. Kafin canjin, in ka ba shi jerin `int` kwamfaila ƙi take yi, ka gyara tun kafin shirin ya tashi. Bayan canjin sai ta karɓa da fara'a, ta ba ka jadawali mai abu ɗaya rak. Kuskuren da a da yake ihu ya koma mai shiru. Joshua Bloch, wanda ke cikin waɗanda suka gina wannan ɓangare na Java, shi da kansa ya kawo wannan misali a bugu na biyu na littafinsa Effective Java, na 2008, a matsayin abin da bai kamata a maimaita ba. Idan magini ya ce katangarsa ta karkace, ba sai ɗan haya ya tsaya yi masa musu ba.

Hujja ta biyu: ai kwamfaila tana gargaɗi. Haka ne, a irin layin da yaron ya rubuta tana fitar da ɗan saƙo cewa nau'in abin da aka miƙa bai zo daidai ba, a fayyace ko ƙulli ake nufi ko rabawa. Na nemo saƙon a kwamfutarsa na nuna masa, yana kwance cikin wasu saƙonni masu yawa da babu mai karantawa. Amma a lura da abin da wannan gargaɗi ke nufi: harshen ya amsa da bakinsa cewa bai san abin da kake nufi ba, sannan ya ci gaba ya zaɓa maka. Ɗan aiken da ya yi ƙunƙuni a ƙofa cewa bai gane saƙo ba, sannan ya tafi ya yi abin da ya ga dama, ba za a ce ya tambaya ba. Kuma idan jerin ya kasance na nau'in `Object` ne kai tsaye, ko ƙunƙunin ma babu.

Hujja ta uku ita ce wadda ta fi ba ni haushi: wai ƙwararre ya san wannan. Ƙwararre ya san ramin da ke tsakiyar hanya, gaskiya ne, domin ya taɓa faɗawa. Wannan ba dalili ba ne na barin ramin.

Matsalar ta girmi Java. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya gina a ɗakunan binciken Bell a Amurka a farkon shekarun 1970, shi ya yaɗa `printf`, kakan yawancin masu karɓar ko nawa. A C fankshin ba ya ma sanin abu nawa aka ba shi. Rubutun da ke gaba, mai alamomin `%d` da `%s`, shi ke gaya masa, shi kuma ya yarda ido rufe. In rubutun ya ce biyar alhali uku aka miƙa, sai ya ci gaba da ɗiba daga ƙwaƙwalwar na'ura, duk abin da ya tarar. Daga nan aka samu wata babbar ƙofar kutse, wadda ta yi suna a shekarar 2000 lokacin da aka gano ta a manhajar wu-ftpd da ɗimbin na'urorin intanet ke amfani da ita. Game da jeri kuwa, C ba ta da wata hanya a ƙa'idarta ta kwance shi a miƙa wa `printf`. Ko wuce da abin da aka ba ka zuwa wani fankshin sai da aka yi wa kowanne tagwaye, `vprintf` da 'yan'uwansa, waɗanda suka shiga ƙa'idar 1989. Wannan tsari mai wahala ne, amma aƙalla ba ya yi maka zato a kan jeri. Java ta zo gyara wahalar, ta gyara ƙidayar, sai ta shigo da zato. C# na kamfanin Microsoft, da kalmarsa ta `params`, hali ɗaya gare shi.

Alhali maganin ba sabo ba ne, kuma ba shi da tsada. Tun zamanin Lisp, harshen John McCarthy na ƙarshen shekarun 1950, akwai `apply`, kalma ta musamman mai nufin "kwance wannan ka miƙa ɗaya bayan ɗaya". Python ta mayar da ita tauraro guda: `f(jeri)` ƙulli ne, `f(*jeri)` rabawa ne, kuma da Python 3 ta fito a 2008 sai aka cire tsohon `apply` ɗin gaba ɗaya domin tauraron ya wadatar. Ruby ma tauraro. PHP ta kawo ɗigo uku a 2014, JavaScript a 2015. Kotlin, wadda ke gudana a kan injin Java ɗin kansa kuma Google ta amince da ita don manhajojin Android a 2017, ta ƙi gadon uwarta a nan, ta ce sai da tauraro. Wato mutanen da suka fi kowa sanin Java, da suka samu damar sake lale, wannan na cikin abubuwan da suka canza.

Wanda ya fi burge ni shi ne Go, na kamfanin Google, wanda sigarsa ta farko tabbatacciya ta fito a 2012. In kana son rabawa, ka rubuta `f(jeri...)`. Kuma in jerinka na sunaye ne, fankshin kuwa mai karɓar kowane irin abu ne, Go ba za ta kwance maka ba ko da ka sa ɗigon; za ta tsaya cak, sai ka zauna ka juye sunayen cikin jerin da ya dace da hannunka. Masu shiri suna yawan ƙorafi a kan wannan, suna cewa taurin kai ne. Ni kuwa ina ganin layi uku da za ka ƙara sun fi kwana biyun da dattijon nan ya yi yana sunkuyar da kai a masallaci araha.

Kada a ce na ɗauki ɓangare har na makance. Python tana da nata tabon: `max` idan an ba shi abu ɗaya yakan ɗauke shi jeri ya bincika cikinsa, idan an ba shi da yawa ya gwada su da juna. Don haka `max(*maki)` zai yi aiki lafiya shekara guda, ranar da ɗalibi ɗaya tak ya zauna jarrabawa sai ya faɗi. JavaScript kuwa ta fi kowa abin dariya: `Math.max([5])` zai ba ka 5, `Math.max([5, 9])` ya ce maka wannan ba lamba ba ce. `new Array(3, 4)` jeri ne mai abu biyu, `new Array(3)` jeri ne mai gurabe uku babu komai a ciki, har sai da aka ƙirƙiro `Array.of` don rufe wannan kunya. Duk waɗannan cuta ɗaya ce: ma'anar kira tana sauyawa gwargwadon yawan abin da aka miƙa ko nau'insa, ba gwargwadon abin da mai rubutu ya rubuta ba. Haka kuma ɗigo uku ba sihiri ba ne. Ka kwance jeri mai abu dubu ɗaruruwa a JavaScript ka miƙa wa `Math.max`, injin zai iya shaƙewa ya tsaya. Amma tsayawa yake yi, ya faɗa maka. Wannan kuskure ne mai mutunci.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren. Swift na kamfanin Apple, wanda ya fito a 2014, yana da masu karɓar ko nawa, amma shekara da shekaru bai ba da wata alamar kwance jeri ba sam. Mai shiri sai ya rubuta fankshin sau biyu, ɗaya na jeri, ɗaya na warwatse. Wannan ɗan aike ne da ya rantse ba zai taɓa kwance ƙulli ba ko da mai shi ya umarce shi. Ba ya cutarwa a ɓoye, don haka na fifita shi a kan Java, amma tsoron zato bai kamata ya hana a ba mutum hanyar faɗin abin da yake so ba.

Mai karatu da ke aikin akanta ko jami'in jarrabawa zai iya cewa wannan rigimar 'yan kwamfuta ce. To buɗe Excel ɗinka. `SUM` mai karɓar ko nawa ne, har abu 255, kuma yana bambanta abin da ka rubuta masa kai tsaye da abin da ka nuna masa a cikin gidaje. Rubuta `=SUM("5",3)`, zai ba ka 8. Amma in gidan A1 yana ɗauke da 5 da aka shigar a matsayin rubutu ba lamba ba, abin da ke yawan faruwa idan an kwaso bayanai daga wata manhaja, `=SUM(A1,3)` zai ba ka 3, ya tsallake biyar ɗin shiru. `AVERAGE` ma haka: gidan da babu komai ko wanda aka rubuta kalma a ciki ba ya shiga lissafi, sifili kuwa yana shiga. Ɗalibin da bai zo jarrabawa ba, matsakaicin makinsa ya danganta da ko magatakarda ya bar gidan fanko ko ya sa sifili. Ƙulli da abin da ke cikinsa ne dai, a teburin ofis.

Dalilin da ya sa nake ɗaukar abin da zafi ya shafi inda muke. Kaura gari ne da ya san buhu da ƙidayarsa tun 1929 da layin dogo ya iso daga Zariya ana lodin gyaɗa da auduga, kuma tun 1983 akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin, inda 'ya'yanmu daga Shinkafi da Zurmi da sauran ƙauyuka ke koyon kwamfuta. Wanda ya kammala ya koma gida ba shi da babban injiniya a kujerar kusa da zai duba masa aiki, ba shi da rukunin masu gwaji. Shi ne mai rubutawa, shi ne mai dubawa, wani lokaci a kan waya da cajin rabin yini. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka yi makonni babu waya babu intanet. Ko a yau ma akwai garuruwan da sai an nemi tudu. Shawarar "je ka karanta bayanin harshen" mai sauƙi ce a bakin wanda intanet ba ta taɓa yanke masa ba. Harsunan nan an tsara su ne a wuraren da kuskure mai shiru ke da matakai biyar na kama shi. A nan mataki na farko shi ne na ƙarshe, bayansa sai fuskar ma'aji.

Ba na kiran a daina koyar da Java. Tana cikin tsarin karatun difloma, wayoyin Android da na'urorin POS da ke hannun matasanmu cike suke da ita, kuma ƙa'idar 2004 ba za ta canza ba domin miliyoyin shirye-shirye sun dogara a kanta. Abin da nake ƙi shi ne a koyar da wannan hali nata a matsayin sauƙi, a nuna wa ɗalibi cewa ga wata gajeriyar hanya mai daɗi. A koyar da shi a matsayin aibi, da sunansa, da shekararsa, da dalilinsa, a ajiye shi kusa da tauraron Python da ɗigon Go, ɗalibi ya ga cewa mutane ne suka zauna suka zaɓa, kuma wasu sun zaɓa fiye da wasu. Wanda ya rubuta fankshin da zai karɓi bayanan da suka riga suka zo a jere, sunayen manoma ko makin ɗalibai, ya sa shi ya karɓi jeri kai tsaye, ya bar mai karɓar ko nawa ga abubuwa biyu ko uku da ake rubutawa da hannu. Wanda kuma zai zaɓi harshen sabon aiki, ya sa wannan a ma'auni.

Gyaran da yaron ya yi layi ɗaya ne: ya haɗa sunayen da `String.join` suka zama rubutu guda kafin ya miƙa. Bai kai minti biyu ba. Rasit ɗin da aka riga aka bayar kuwa sai da aka bi su gida gida aka karɓo, shi da sakataren ƙungiya suka zauna a zauren ma'aji suna sake rubuta su da biro, dattijon yana karanto sunaye daga tsohon littafinsa mai bangon kwali, wanda bai taɓa daina cikawa ba duk da an ce masa yanzu waya ta ɗauke masa aikin.